Ranar da Aka Kwance wa Baba Ido

Shekara bakwai yana kallon duniya ta cikin kunu.
Talata likita ya ɗaye yanar,
Alhamis aka cire auduga,
sai ya ce, "Tsahara, motar Tawa ba ta tserewa.
Kai ni in ga garin da ke cinye miki albashi."

Mu biyar a taksi, har da mai kwandon kifi.
Ya manna baƙin tabarau a jikin taga
yana kiran launuka da sunansu
kamar mai kiran awakinsa da magariba:
shuɗi, ja, ruwan ɗorawa,
kai ma, tsanwa, kana nan da ranka?

A gidan tarihin Yamai
ƙasusuwan dabbar da ta riga kakannin kowa
sun miƙe wuya sama da rumfa.
Ya zagaya su sau biyu, hannu a baya.
"Wanga raƙumi, wa ya yi mishi sirdi?"
Mai gadi ya soma bayanin shekaru miliyan,
Baba ya ce ya gode, lissafin ya fi aljihunsa.

Muka tsaya gaban busasshen itacen Tenere.
Na ce masa shi kaɗai ne a hamada,
tafiyar kwanaki babu wata inuwa,
amma mota ta laluba ta buge shi.
Ya yi dariya har ƙwalla ta zubo ƙasan tabarau.
Na ce likita ya hana.
Ya ce likita bai ji labarin ba.

Warin bagaruwa ne ya ja shi rumfar dukawa,
hancinsa bai taɓa yin yana ba.
Wani saurayi, Hamani, na ɗinkin jaka.
Baba ya karɓa, ya juya cikinta waje,
don a can baduku ke ɓoye ƙaryarsa.
Bai sami ƙarya ba.
Ya roƙi basilla, ya zauna kan tabarma,
ya huda ɗaya, ya huda biyu,
na ukun ya kauce layi.
Ya daɗe yana duban yatsunsa suna rawa.

"Da can," in ji shi, "ga ido nike ɗora laifin."

Mutumin da ke ciniki kan allura
ya biya jaka huɗu bai ce a rage ba.

Azahar ta same mu wajen mai dambu.
Zogale, albasa, mai, yaji a gefen kwano,
da kilishi cikin takarda mai naso
wanda haƙoransa suka gaisa da shi daga nesa.
Ya tsinci tsakuwa guda cikin dambun,
ya ɗaga ta sama kowa ya gani.
Mai abinci ta soma ba da haƙuri.
Ya ce, "Ɗiyata, bari.
Shekara bakwai haƙori ke gaya mini,
yau ido ya riga shi."

Da la'asar muka hau gada.
Kogin Isa na tafiyarsa ba gaggawa,
masu wanki sun shanya zannuwa kan ciyawa,
wani kwale-kwale ya sha lodin kabewa
har ruwa na lasar bakinsa.
Rana ta sauko ja, kamar fatar da aka jeme yanzu.
Na ce, "Baba, dubi can."
Bai duba ba.

Ni yake kallo, wajen da kallabi ya zame.
"Yaushe wannan hurhurar ta zo?
Ba wanda ya gaya mini."
Na ce baƙuwa ce, bara ta sauka.
Ya sa babban yatsa ya taɓa ta,
yadda yake taɓa fata kafin ya saya.

Da dare na ɗiga masa magani, ɗigo biyu.
Ya yi barci da jakar ƙarƙashin kai,
ɗinkinsa uku a ciki,
biyu daidai.